Garin Ummu Na'ibi

Dela ba ta zo Jidda don sana'a ba. Hajji ne ya kawo ta a farkon shekarun hamsin, ita da mijinta Bawa da ɗansu guda, daga wani ƙauyen Hausawa a Sudan. A tashar jirgin ruwa aka raba ta da yaron. Ana sauke alhazai ana turereniya, ga ƙulli a kanta ga buta a hannu, sai ta ji hannun da ke riƙe da bakin zanenta ya saki. Ta hango ƙeyarsa tsakanin mutane, bai ma yi nisa ba. Da ta kira sunansa da ya waiwayo. Amma ɗan fari ne, kuma sunan surukinta ya ci, kunya biyu ke nan, bakinta bai taɓa faɗin sunan ba tun ranar suna. Sai ta yi ta cewa "Kai! Kai yaro!" a wurin da yara suka fi a ƙirga. Kafin Bawa ya sauke kaya ya buɗe murya, taro ya haɗiye shi.

Ni Turai, a unguwar Ammariyya ta nan Jidda aka haife ni, katanga ɗaya ta raba mu da ɗakin da suka kama haya. Sun yi hajjinsu, abokan tafiyarsu suka koma gida, su suka zauna. Bawa ya yi dako a kasuwar Bab Makka, abin da ya samu ya ƙarar wajen cigiya tsakanin Makka da Madina, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi. 'Yan uwa suka yi ta aiko wa Dela ta koma. Ta ce a nan yaron ya bar ta, in ya dawo bai same ta ba fa?

Kullum da safe takan sayo burodin samuli biyu a gidan burodin unguwa, ta ci ɗaya, ta ɗora ɗaya a taga. Ba ta taɓa gaya wa kowa na wane ne ba, ba kuma wanda ya tambaya. A Jidda ba a zubar da burodi. Ko a ƙasa ka tsinci gutsure sai ka ɗauka ka sumbata ka ɗora a kan katanga, ni'imar Allah ce. Don haka burodin taga ya yi ta bushewa yana taruwa a kwando, ita ba ta ci ba, ba ta zubar ba. Ranar da kwando ya cika ta juye shi a turmi, ta daka da citta da masoro da kanumfari da barkono da ɗan ƙuli-ƙuli, irin yajin da take barbaɗa wa yaron a kan abinci can gida. Ta tsoma kifi a ruwan ƙwai, ta mulmula shi a garin, ta jefa a mai. Ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina wanki, ni kuwa ba a san ni da kunyar roƙo ba.

Matan Hijaz sun san garin busasshen burodi tun da can, buƙsumaɗ suke ce masa, amma nasu lami ne, kamar ka tauna dusa. Na Dela kuwa sai ka lashe yatsu. Maƙwabta suka fara aike, ta riƙa ƙulla musu a takarda. Da burodin taga ya kasa, sai ta koma karɓar kwantan masu gidan burodi, ni kuma na zama mai tankaɗe. Iskar Jidda jiƙaƙƙiya ce, in ka dogara da shanyar rana kaɗai gari zai yi fumfuna, sai an ƙara gasa burodin a kasko. Amma ko buhu nawa za a daka, na tagar shi ne ke fara shiga turmi.

Daka da Dela ba daɗi, gaskiya. Ana tsakiyar lugude sai ta tsayar da taɓarya a sama, ta karkata kai wajen ƙofa. Wai sawun ƙananan ƙafafu take ji. Na sha gaya mata cewa in ma yana raye yanzu ai gemu gare shi, takan ce ta sani, amma sawun bai girma ba. Ni ban taɓa jin komai ba, sai dai tsikar jikina takan tashi. Kuma duk saurayin da ya zo sayen gari ba ta damu da fuskarsa ba, sai ya juya zai tafi ta bi ƙeyarsa da kallo har ya sha kwana.

Wajen ƙarshen shekarun sittin Abdulghani ya zo. Mai kanti ne a Bab Makka, jikan alhazan da suka zo a ƙasa, Hausarsa ta ji Larabci har ta fara ɗingishi. Ya ce wannan gari ya wuce ƙullin takarda, zai sa shi a kwali da hoton kifi, ya raba wa kantuna. Sai dai kaya ba ya tafiya ba suna. Su kuma Larabawan nan babbar girmamawar da za a yi wa mace ita ce a kira ta da sunan ɗan farinta, abin da mu muke ɓoyewa shi suke ado da shi. Ya tambaye ta kai tsaye, "Ya Hajiya, Ummu wa za mu rubuta?"

 Na so in mangare shi, amma bawan Allah bai san ya taka wuta ba. Dela ta sunkuyar da kai, sannan ta tambaye shi har ina kwalayen za su kai. Ya ce Makka, Ɗa'if, Madina, duk inda mota ke zuwa. Ta tambaya ko masu talla za su riƙa faɗin sunan da ƙarfi. Ya ce da ma aikinsu ke nan. Sai ta nuna ni da baki, ni na faɗa masa: Na'ibi. Sharaɗi biyu ta kafa, a rubuta Ammariyya a ƙarƙashin sunan, kuma kada a taɓa yajin, don in kunnen yaron ya manta harshensa zai tuna.

Abdulghani ya iya kasuwa, wannan ba a ƙwace masa. Da azumi ya zo sai ya kafa kasko a ƙofar kanti, ana soya kifi da la'asar sakaliya, ƙamshi na dukan masu azumi, wa zai wuce bai saya ba? Kafin salla masu kantuna 'yan Yaman sun iya sunan, masu tura baro na rera shi a layi: Ummu Na'ibi, Ummu Na'ibi. Dela takan ja mayafi ta rufe fuska don kunya, amma kullum sai ta ƙirƙiro abin saye a kasuwa, ta bi layin a hankali tana saurare. Ta taɓa ce mini duk wanda ya sayi kwali ya taya ta kira. A shekarun nan har ƙiba ta yi.

Ba wanda ya zo.

Da kuɗin fetur suka buɗe gari, manyan kantuna masu sanyi suka fito, Abdulghani ya sayi inji ya kafa a unguwar Kurayyat, turmi ya zama tarihi. Manyan kantunan suka ce yajin ya yi yawa, sunan kuma ya yi kama da na kayan tsofaffi. Aka rage yajin, aka cire sunan, aka yi sabon kwali da hoton wani mai dafa abinci da doguwar farar hula, yana murmushi kamar an ba shi kyautar mota. Ba zan yi wa Abdulghani ƙage ba, da ƙafarsa ya zo ya gaya mata, da turmin atamfa a hannu, ya kuma ce rabonta ba zai yanke ba har ta mutu. Ba ta ko kalli atamfar ba.

"To yanzu wa zai kira shi?" ta ce.

"Halas, ya wuce, ya Hajiya," ya ce a hankali. "An fi shekara ashirin."

Washegari da hantsi na ji daka ta bayan katanga, ita kaɗai. Na fito na same ta da faranti a ka, an jera ƙullin takarda irin na da, tsohuwar da ba ta taɓa talla ba a rayuwarta. Na bi ta, don na tsorata. Ba ta nufi kasuwa ba, hanyar tashar jirgin ruwa ta miƙa, lokacin kuwa jiragen alhazai sun fara sauka. Ta tsaya a bakin ƙofa inda mutane ke turereniya, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Sai na ji muryarta, siririya, ba ta sa "Ummu" ba, ba ta ambaci gari ba.

"Na'ibi!"

Mutane suka waiwayo, da yawa, kowa ya ga tsohuwa mai talla ya ci gaba da tafiya. Ta tsaya tana jira. Ta juyo ta dube ni, ba hawaye a idonta, ta ce, "Ashe ba wuya, Turai."

Ta yi ta zuwa har jirgi na ƙarshe ya kwashe alhazan shekarar, bayan nan ta kwanta, ba ta tashi ba. Da muka shiga kwashe kayanta akwai samuli a taga, bai gama bushewa ba. Na rasa yadda zan yi da shi, na sumbata na ɗora a kan katanga.

Har yau in na ji daka ya tsaya a tsakiya sai na kalli ƙofa. Ɗan farina kuwa, Usman, da sunansa nake kiransa, daga wannan bakin layi zuwa wancan, tsofaffin unguwa na cewa Turai ba ta da kunya. Su yi ta faɗa. In na kira yana waiwayowa.