Kunkuru a Gidan 'Yan Zuhudu

A gidanmu na Garwa, Kaka Marta ba ta fara tatsuniya sai an wanke tukunyar tuwo an tura guntayen itace cikin murhu. Daga duwatsun bayan Mora ta sauko. Mu jikoki ba ma jin yarenta, ita kuma ta ce Faransancinmu na makaranta ciwon kai yake sa ta, don haka a Hausar kasuwa muke haɗuwa. Takan yi alamar gicciye, ta ce, "To ga ta nan, mai gyangyaɗi shi ya sani."

Da ƙuruciyarta ta yi wa mishan wanki, a can ta ji labarin 'yan zuhudu, mazan Katolika da ke barin aure da dukiya su zauna gida ɗaya cikin addu'a da aiki har mutuwa. Su ta ɗauko ta saka cikin tatsuniyar kunkuru.

Wai kunkuru ya je ƙofarsu neman shiga. Uban gida ya tambaye shi ko an yi masa baftisma, ya ce a kogi aka haife shi. Mata fa? Babu. Lafiya? Ƙalau. Shiru kuwa gadonsa ne, ci kaɗan ya ishe shi, ɗakin kwana ma a bayansa ya zo da shi. Aka ce ya zauna a gani. Rannan ruwa ya kece da ƙarfi, 'yan tsaki suka rasa mafaka, suka kewaye shi suna rawar ɗari. Kunkuru ya ja kai ciki ya ci gaba da addu'arsa. Da gari ya waye uban gida ya raka shi har ƙofa.

Nan Kaka takan sauke murya ta kwaikwayi tsohon: "Ɗana, ɗakinka yana da kyau, amma na mutum ɗaya ne."

Yara suna dariya, ni ina musu. Na ce an zalunci kunkuru, tunda ya cika duk sharuɗɗa. Kaka ta ce in bari in yi gemu tukuna kafin in zama lauya.

Na yi gemun, na yi karatu, na zama malamin makaranta, sannan na nemi shiga wani gidan zuhudu a kan hanyar Tibati. Fadan cocinmu ya shaide ni, likita ya shaide ni, matan zumunta na cocin suka raka ni tasha da waƙa. A can na yi zaton babu wanda ya kai ni. Ban taɓa makara a addu'ar asuba ba, shiru kuma na riƙe shi kamar kunkurun ne ya haife ni.

Suna da wata al'ada a wurin cin abinci. Ba a magana, mutum ɗaya yana karanta littafi, kuma ba ka miƙa hannu ka nema wa kanka komai. Maƙwabcinka ne zai lura ya miƙo maka, kai ma ka lura da shi. An gaya mini tun ranar farko. Na ɗauka ladabin cin abinci ne kawai, sai na ba littafin kunnuwana duka.

Kafin a ba ni rigar sababbin shiga, malamin da ke horar da mu ya kira ni lambu. Ya ce tsohon da ke zama a damata hannunsa na rawa, ba ya iya ɗaga butar ruwa, kuma tun zuwana na wancan gefen teburin ne ke tasowa ya zagayo ya zuba masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce ina son Allah, bai yi shakka ba, amma in koma gida in gwada zama da mutane tukuna.

Daga Ngawundere na zaɓi motar da ba za ta sauke ni a tasharmu ba, don kada matan zumunta su gan ni. Kaka ta riga ta makance lokacin. Na ba ta labari, ina jiran ta tuna mini da kunkuru. Ba ta yi ba. Ta ce, "Allah sarki. Wannan tsohon, yaya sunansa?"

Na daɗe ina ganin darasin tatsuniyar shi ne kada mutum ya yi rowa, kuma ni ban hana kowa komai ba. Ban dai ga kowa ba ne. Littattafan da aka karanta mana a teburin nan, yau ma zan iya jero su bi da bi, har da inda aka tsaya ranar da na bar gidan. Sunan mutumin da ya yi watanni yana jin ƙishirwa a gefena, har yanzu ban sani ba.