Jan Mazarin da Na Ɗaure a Ƙafar Gado

Ranar wata Laraba ce, a damanar da nake aji huɗu a Kebbe, jakinmu ya kayar da ni a hanyar fadama, ƙafata ta dama ta karye. Maɗori ya ɗaure ta da karare, ya ce kwana arba'in ba taka ƙasa. Aka jibge ni a ɗakin kakata Inna Tumba, ɗaki mai taga kamar tafin hannu. Daga nan nake jiyo ihun abokaina a kududdufin bayan gari, inda muka saba bin mazari. Mun san halinsa sarai: jan, wato namijin, yana da kara guda da yake sauka a kai, ko ka kore shi sau goma nan zai dawo, macen kuwa ta riƙa tsoma wutsiya a ruwa tana zuba ƙwai. Wallahi har kuka nake yi don takaici.

Da yayata Hajo ta gaji da ƙorafina, sai ta kamo mini wani ja wur, da zare a wutsiyarsa. Na ɗaure shi a ƙafar gado. Ya tashi fir, zare ya fizgo shi, ya sake tashi. Na zuba masa tsakin gero, na ɗiga masa fura a murfin kwalba, ko kallo bai yi ba.

Inna ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka yi haka? Wanga abu sauro shika ci, kuma sai shina tashi. Sake shi!"

Na ce sai ranar da aka kwance ni. Gaskiyar magana ƙyashi nake yi, ba na son wani ya fita ya bar ni.

Kwana biyu yana fama da zaren. A safiya ta uku ya daina. Tsoro ya kama ni, na tsinke zaren da haƙori, na roƙi Hajo ta ɗora shi a taga. Iska ta taɓa fikafikansa, amma bai tashi ba. Kafin azahar tururuwa sun ja shi.

Yanzu a Tambuwal nake zaune. Kududdufin nan an cike shi an yi gidaje, fadama kuma sai warin feshin maganin ƙwari, in na je gida damana guda da ƙyar nake ganin ja ɗaya. A lokacin da suka yi yawa har ba mai ƙirgawa, ni guda ɗaya aka ba ni, kuma na ƙi sakinsa da sauran ƙarfinsa.