Ranar da Na Kai Baba Kano Ya Dangwala Yatsa

A lokacin ina da shagon ɗinki a Tudun Wada, kuma ni ce babba a wurin mahaifina, tsohon malamin firamare mai fama da hawan jini. Bankin da yake karɓar fansho da can a bakin kasuwa yake, da ƙafa yake zuwa. Daga baya suka koma kusa da tasha, sai wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa, wai sun tattara sun koma Kano. Muka koma cirar kuɗi wurin masu POS.

Ana nan sai asusun Baba ya kulle. Aka ce dole shi da kansa ya je ya dangwala yatsa. Umma ta roƙe ni in bari ya ƙara samun sauƙi, ni kuwa ganin maganinsa ya kusa ƙarewa na ce gobe za mu tafi. Ban nemi shawarar kowa ba.

Bazara ce. Tun a Kwanar Ɗangora ya fara haɗa gumi, ya ce ba komai. Da muka isa bankin a Kano muka tarar da layi har titi, babu wurin zama. Muna tsaye ya jingina da kafaɗata, ya kira ni da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Na waiwaya na ga bakinsa ya karkace, sandarsa ta faɗi. Ban san na kurma ihu ba sai da na ga mutane sun kewaye mu. A cikin A Daidaita Sahu, a hanyar asibiti, na rungume kansa, ina kai yatsa hancinsa ko yana numfashi. Wayata na ta ƙara, Umma ce, na kasa ɗauka.

Allah ya yi da sauran kwana, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga baya wata ma'aikaciyar bankin ta ce min da na kai takardar likita, da sun duba yadda za a yi ba sai ya zo ba.

Umma ba ta taɓa yi min gori ba, ni ce na kasa yafe wa kaina. Don Allah masu tsofaffi a gida, idan banki ya bar garinku, ku fara zuwa ku kaɗai ku tambaya. Ni a gurguje na ɗauke shi yana tafiya da ƙafarsa, a bayan mota na dawo da shi a kwance.