Malam Sada ya tafi, ni ina kan kujerar roba

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina zaune kan kujerar roba a masallaci, ban ko gama lazimi ba, liman ya juyo ya ce Malam Sada ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka yi jana'iza. Yanzu na dawo gida, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake. Haushin mutane nake ji, haushin kaina ya fi yawa.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sada a sashen gashin ƙashi na asibiti ya yi aiki har ya yi ritaya. In ka ce masa Dakta sai ya gyara maka, ya ce shi ba likita ba ne.

Lokacin da ya fara kula ni, shekarata biyu ina sallah a kan kujera. Gwiwar dama ta ci ta cinye, likita ya ce gurunguntsin ne ya zaizaye. Ni kuwa na riƙe cewa sanyi ne, maganinsa hutu da man zafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne goshina ya daina taɓa ƙasa.

Wata rana bayan Asuba ya tare ni a bakin ƙofa, ya nuna mini wani tsohon benci da ke jikin katangar masallaci. Ya ce in zauna in miƙe ƙafar sambal, in riƙe ta a sama har in yi Subhanallah goma, sannan in sauke a hankali. Ba ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Cewa yake gara mu haɗa lada da lafiya.

Ranar farko a Subhanallah ta huɗu na sauke ina haki.

Daga nan sai tashi da zama ba tare da dafa gwiwa ba. Sai tattaki zuwa Ƙofar Kaura a dawo. Ranar da ƙafar ta kumbura shi da kansa ya hana ni, ya ce in koma wurin likita tukuna. Har tumbina bai ƙyale ba, ya ce shi ma gwiwar ce ke dakonsa.

Ya taɓa ɗinka mini 'yar jaka da tsohuwar shadda, ya cika ta da yashi, wai in riƙa ɗaurawa a idon sawu. Tana nan ƙarƙashin gadona ta yi ƙura.

Mu shida ne a bencin, duk masu furfura. 'Yan majalisarmu suka sa mana suna 'yan firamaren Sada. Alhaji Rabe, wanda ya fi kowa baki a cikinsu, in mun wuce sai ya riƙa cewa lef-rai, lef-rai. Ban damu ba, don kafin azumi ya zagayo na yi sujada a ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba, hawaye nake yi. Da aka sallame, sai Malam Sada ya ɗauki kujerata ya kai ta bayan masallaci.

To me ya mayar da ni kanta? Kunyar suruki.

Ɗiyata ta yi aure, mijinta Bishir ya kama haya a layinmu. Wata safiya ina kan benci, wando a naɗe har gwiwa, ƙafa a sama, sai ga shi. Ya durƙusa yana gaishe ni, ni kuwa na rasa yadda zan yi, in sauke ƙafar ko in amsa. Kafin azahar majalisa ta ɗauka. Alhaji Rabe ya ce yau dai suruki ya ga ƙwaurin Alhaji, sauran me ya rage?

Tun daga ranar ban sake zama bencin ba. Ko fita daga masallaci ta ɗaya ƙofar nake yi.

Malam Sada ya aiko cewa in ci gaba a ɗaki, ba sai kowa ya gani ba. Na yi kwana biyu na watsar. Sau biyu ya tako har gida, na sa aka ce ba na nan, alhali ina jin muryarsa a zaure. Na koma allurar kemis da ƙaho. Kafin shekara ta zagayo, da hannuna na ɗauko kujerar daga bayan masallaci.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Babbar Kasuwa ce, wajen 'yan hatsi. Ina kokawar saukowa daga Keke Napep, sai na ji an kama mini hannu.

Ya ce, "Alhaji, mi na yi maka?"

Na ce ba komai Malam, harkoki ne suka yi yawa.

Ya dubi ƙafar, ya dube ni. Ya ce, "Surukinka ba shi za ya yi maka sujada ba. Bencin na nan. Taho ka zamna, ko ba ka gaishe ni ba."

Na ce insha Allahu ranar Asabar. Asabar nawa ta wuce, Allah kaɗai ya sani.

Yau na samu na yi masa sallah, tunda a tsaye ake yin ta. Amma da aka ɗauki makara aka nufi maƙabarta a ƙasa, ban kai ƙarshen layi ba gwiwar ta ƙi. Na dawo na zauna a kujerun ƙofar gida. Wa zan tarar a gefena? Alhaji Rabe, sandarsa a jingine, yana ta faɗin an yi rashin mutumin kirki. Har ya sa hoton marigayin a status ɗin wayarsa. Wallahi da ƙyar na riƙe bakina.

Abokan bencina biyar duk suna cikin masu rakiya. A bayansu na hango mahaifin Bishir, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, yana takawa ba sanda. A da sai an riƙo shi yake shiga mota.

Da aka dawo Bishir ya zo ya durƙusa ya yi mini gaisuwa. Na tambaye shi ina babansa ya san marigayin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ranar da na gan ku kuna yi ne abin ya burge ni. Duk Asabar nake ɗauko shi daga Batagarawa in kawo shi bencin."

Wannan ne mutumin da na bar sujadata saboda kunyarsa.

Gobe bayan Asuba ina kan bencin, da jakar yashina. Mai dariya ya zo da wuri ya samu wurin zama. Sai dai wanda zai ce mini "sauke a hankali" ba ya nan, kuma ban nemi gafararsa ba.

Ya Allah, duk goshin da ya koma ƙasa ta dalilin bawanka Sada, Ka sa ladan a mizaninsa. Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ni kuma ku roƙa mini Allah Ya sake kai goshina ƙasa kafin a ɗauke ni.