Itacen Gwaggo a Bayan Mota

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya daga Bobiel, unguwarmu a Yamai, mu uku. Ni ne, da abokina tsohon malamin daji da ya ajiye aiki, sai maƙwabcina mai motar, wanda ya ce zai kai mu Dogon Dutsi don Allah, in dai ba za mu hana shi tsayawa cin nama ba. Kafin in fita na tsaya ƙarƙashin gawon da ke tsakar gidana. Na tarar da shi a filin tun ban aza tubali ba, na hana magina sarewa, kuma a inuwarsa mahaifina ya yi shekarunsa na ƙarshe. Ganyensa kore shar, kamar yadda gawo yake da rani.

Abin da ya fitar da mu shi ne wata cuta da ake ta ba mu labari tana kashe gawo a yankinmu. Mun rubuta takardar roƙo ga mahukunta a kafa dokar ƙasa, a hana ɗaukar itacen da cutar ta kashe daga wani yanki zuwa wani. Muna son manoma su sa hannu, don kada a ce surutun 'yan birni ne.

Gudron, wato kwalta, ya yi kyau har Dosso, sai ramukan da mai motar ke gaisawa da su kamar tsofaffin abokai. A Dosso muka karya da ƙosai da kunu, shi kuma ya ƙara da tsire, yana ƙorafin tsada yana miƙa hannu a ƙaro masa. Ni kuwa idona na kan kamiyoyi, manyan motocin kaya da ke wuce mu sun nufi Yamai, an lafta musu itace har sun karkace. Duk wadda ta wuce sai na yi tsaki. Abokina ya ce in na ci gaba haka haƙorana za su zube kafin azahar.

Muna sauka daga gudron muka fara ganin abin. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, kowane manomi ya san wannan. To ga rani tsaka, ga gawo tsirara jere a gonaki. Malamin daji ya ɓare ɓawon wani da wuƙa. Ciki ya yi baƙi, ga ƙananan ƙwari suna kai da komo cikin 'yan ramuka. Ya ce su ke ɗauke da cutar, kuma suna rayuwa cikin busasshen itace har a kai shi wani gari.

A ƙauyenmu muka sauka gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ta tarbe mu da fura mai kauri da dambun zogale. Gawonta uku sun mutu, an faskare su an tara a bayan rumbu. Bayan la'asar na tara mutane a ƙofar mai gari, na yi bayani har muryata ta dushe. Ina da wannan hali, in na fara ba na jin kira. Wasu suka dangwala yatsa, wasu suka ce sai sun yi shawara. Gwaggo ta ƙi fafur. Ta ce ita ta san yadda doka take, yau a hana ka ɗaukar itace, gobe a hana ka shiga gonarka.

Washegari da za mu tafi ta ce a ɗaura mini itace tsaraba, tunda a Yamai saye muke yi. Na ce a'a, na sake yi mata bayanin ƙwarin. Ta dube ni ta ce, "Ɗan yayana ya zo gida ya koma hannu sake? Ba a gidan nan ba." Na yi ta ba ta haƙuri har ta yi shiru, na ɗauka magana ta ƙare.

A hanyar dawowa mun wuce shinge uku. Kowanne an duba takardun mota da namu, aka ce mu sauka lafiya. Babu wanda ya tambayi itace, kuma ba laifinsu ba ne, ba a ce su tambaya ba.

Mun iso Bobiel kafin magariba. Mai motar ya shigar da ita tsakar gida, ya tsaya daidai gindin gawo don a sauke buhun gero. Da na ɗaga tabarmar da ke bayan motar, sai ga ɗaurin itace biyu. Ya sunkuyar da kai ya ce Gwaggo ce ta kira shi gefe, shi kuwa ba zai iya ce wa tsohuwa a'a ba. Na ɓare ɓawon guda, ƙwarin suka watsu a tafin hannuna. Ni da na yi ta yi wa kamiyoyi tsaki, ni na kawo su har gindin bishiyar mahaifina.

Ban tsaya faɗa ba. Muka mayar da motar waje, muka kai itacen wani fili nesa da bishiyoyi, muka ƙone shi ƙurmus har da tabarmar. Na share tsakar gida sau biyu.

Da safe na kira Gwaggo na gaya mata komai, ban ɓoye ba. Na ce mata motar ta tsaya ne a inda yayanta yake shimfiɗa buzunsa. Sai ta ce, "In ka sake zuwa, ka zo da takardar nan."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: wa'azi ba ya tare itace a hanya. Mai motar ya ji bayanina sau biyu, Gwaggo ma haka, kuma babu mugu a cikinsu. Da akwai doka, da ya ce mata za a sauke a shinge, ba tare da ya kunyata ta ba. Don haka takardar nan sai ta kai inda za ta kai, ko takalmina zai tsinke a ƙofar ofisoshi. Malamin daji ya ce sai rani mai zuwa za mu san ko gawona ya tsira. Kullum da safe ina zagaya shi da wuƙa a aljihu, ina duba ɓawonsa.