Malama Hanatu Ashiru Gammo, Malamar Lissafi (1956–2018)

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malama Hanatu cikin watan Sha'aban na shekarar 1956, a garin Gammo da ke ƙasar Kabo. Mahaifinta shi ne Malam Ashiru ɗan Malam Uwaisu, malamin allo kuma masanin fiƙihu, wanda mutanen ƙauyukan kewaye suke zuwa wurinsa domin rabon gado. Mahaifiyarta kuwa sunanta Marka, mutuniyar Mainika ce ta ƙasar Gwarzo. Hanatu ita ce ta uku a cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce mace.

Tun tana ƙarama ta saba da zama a bakin ƙofar zaure duk ranar da magada suka zo, tana kallon yadda mahaifinta yake jera tsakuwa a kan buzu yana fitar da sumuni da sudusi da sulusi. Idan an watse sai ta samo 'ya'yan tsamiya ta maimaita abin da ta gani. Da Malam Ashiru ya lura da haka bai hana ta ba, sai ma ya haɗa ta da yayanta Hambali yana yi musu darasi tare.

Neman Ilimi

An sa ta a makarantar firamare ta Kabo a shekarar 1964, a lokacin da mata ba su fi a ƙirga da yatsu ba a makarantar, kuma mahaifinta da kansa ya raka ta ranar farko. Ta sauke Alƙur'ani tana aji shida. A shekarar 1971 ta ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai mata a Kano, inda wata malama Ba'indiya ta gane hazaƙarta, ta riƙa ba ta littattafan manyan ajujuwa tana yi a lokacin hutu. Bayan ta karɓi takardar malanta mai daraja ta biyu a shekarar 1976, ta wuce babbar kwalejin horon malamai, ta yi shekara uku tana nazarin lissafi. Su biyu ne mata a ajinsu, ɗayar ma ba ta kai ƙarshe ba.

Aure

A shekarar 1976, kafin ta shiga babbar kwaleji, aka ɗaura mata aure da Malam Jibirin, mutumin Lakwaya, tela mai shago a kasuwar Gwarzo, wanda ya taɓa karatun littattafai a gaban mahaifinta. Shi iyakar bokonsa aji huɗu ne. Duk da haka shi ya fara cewa lallai ta ci gaba da karatu, tun kafin a gindaya masa sharaɗin haka, kuma shi yake ɗinka mata kayan da take zuwa kwaleji da su. Mutum ne mai yawan raha, ita kuwa ba mai yawan magana ba ce, kuma waɗanda suka zauna kusa da su sun shaida cewa ba a taɓa kai ƙararsu gaban kowa ba.

Kama Aiki

A watan Oktoba na 1979 aka tura ta wata kwalejin horon malamai ta 'yan mata da ke tsakanin Gwarzo da Kabo. Sai aka yi rashin sa'a, lokacin da aka kira sababbin malamai Kano domin tantancewa da gwajin lafiya ya zo daidai da haihuwarta ta biyu, ba ta sami zuwa ba. Saboda haka aka ɗauke ta a matsayin ma'aikaciyar wucin gadi, da alkawarin cewa za a tabbatar da ita nan da 'yan watanni. Ma'aikacin wucin gadi a wancan lokaci yana karɓar albashi, amma ba shi da ƙarin girma, ba shi da gida a rukunin gidajen malamai, kuma shekarunsa ba sa shiga lissafin fansho. Da yake ba a ba ta gida ba, sai Malam Jibirin ya sayi babur, ya mai da kai ta da ɗauko ta aikinsa na kullum, yakan rufe shago komai yawan ɗinkin da ke gabansa.

Malaman lissafi huɗu ta tarar da kanta a cikinsu: Indiyawa biyu, mutumin Ghana ɗaya, sai ita. Aka ba ta 'yan aji ɗaya, waɗanda akasarinsu suka zo daga ƙauyuka da tsoron lissafi a ransu. Ta koyar da su da mudu da tiya, da ragowar ƙyallayen shagon mijinta da take yankawa domin nuna kusurwa da faɗi. Ba ta duka, amma ba ta karɓar aikin da aka yi da ganganci. Yawan cewa a sake da take yi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Malama Sake, sunan da ya bi ta har tsufa, ita kuma ba ta taɓa nuna ta san da shi ba.

Shekarun Tsuke Bakin Aljihu

A shekarar 1982, kafin alkawarin tabbatarwa ya cika, gwamnati ta shiga matakan tsuke bakin aljihu, aka dakatar da ɗaukar ma'aikata da tabbatar da su. Albashi ya fara jinkiri, wani lokaci sai wata biyu ko uku su haɗu. Baƙin malamai suka tattara suka koma ƙasashensu ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ita kaɗai ke ɗauke da lissafin makarantar tun daga aji ɗaya har aji biyar.

A farkon shekarar 1984 aka yi ragin ma'aikata, kuma da na wucin gadi aka fara. Sunan Malama Hanatu ya fito a cikin waɗanda aka sallama, alhali saura 'yan watanni 'yan aji biyar su zauna jarrabawar fita, wadda duk wadda ta faɗi lissafi a cikinta ba za ta sami takardar malanta ba. Shugabar kwalejin, Hajiya Uwaliya, ta je Kano ta yi bayanin halin da ake ciki, aka ce mata ta yi haƙuri za a turo wani, amma ba a turo kowa ba. Ta dawo ta shaida wa Malama Hanatu cewa doka ba ta ba ta damar barin wanda aka sallama ya shiga aji ba. Malamar ta ce mata, "Hajiya, albashina aka tsayar, ba a tsayar da jarrabawar yaran nan ba. Ki ba ni ɗakin cin abinci idan an tashi."

Haka aka yi. Tun daga lokacin har zuwa jarrabawa tana zuwa bayan azahar, a jingine allo a jikin bango, ta koyar har la'asar sakaliya ba tare da ko kwabo ba. A lokacin suna da 'ya'ya uku, ɗinki ya ja baya domin mutane ba su da na atamfa, ga kuɗin man babur. Malam Jibirin ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu ba tare da ya yi shawara da ita ba. Da ta ji, ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce gara ta daina zuwa. Ya ce, "Ƙafa biyu gare ni, keke ɗaya suke iya takawa. Ke dai shirya mu tafi."

Da sakamako ya fito, mafi yawan ɗaliban sun ci lissafi. Bayan kaka iyayensu suka riƙa aiko mata da dawa da gero da gyaɗa, ta kuwa karɓa ba tare da wata kara ba, domin gidan yana bukata. Sai dai wannan bai sa an mayar da ita aiki ba, ta dai ci gaba da koyar da ɗaliban a haka. Daga shekarar 1985 ƙungiyar iyayen yara ce ta ɗauki nauyin ba ta wani ɗan ihisani a ƙarshen wata, wanda bai kai rabin tsohon albashinta ba.

Zama a Kano da Dawowa

A shekarar 1988 wata masaƙa a Kano ta ɗauke ta aiki a ofishin akanta, da albashin da ya ninka na malanta. Ta karɓa. Takan kwana wurin gwaggonta a birni ranakun aiki, ta dawo Gwarzo ƙarshen mako, yaran kuma suna hannun mahaifinsu da kakarsu Marka. A wannan tsakani ne suka yi wa gidansu rufin kwano, ta kuma saya wa Malam Jibirin sabon keken ɗinki. A shekarar 1990 masaƙar ta rage ma'aikata saboda tsadar kayan aiki, ta dawo gida. Daga baya idan wani ya yabe ta a bainar jama'a da cewa son koyarwa ne ya dawo da ita, takan gyara masa nan take, ta ce sallamar ta aka yi, da ba haka ba watakila da tana can.

A shekarar 1991 aka buɗe ɗaukar malamai, ta nema, aka ba ta aikin dindindin a tsohuwar makarantarta, wadda a lokacin ake mayar da ita sakandaren 'yan mata. An ɗauke ta ne a matsayin sabuwar ma'aikaciya, ba a lissafa mata ko shekara ɗaya daga cikin na baya ba. Dalili ke nan da ya sa wasu daga cikin ɗalibanta suka zama gaba da ita a muƙami da albashi. Ɗaya daga cikinsu, Malama Asta, wadda tana cikin 'yan ajin ɗakin cin abinci, ta zama mataimakiyar shugabar makarantar, kuma duk tsawon zamansu tare ba ta taɓa aika a kira mata Malama ofis ba, ita take tasowa ta same ta.

Zamanin Shari'a

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kano a shekarar 2000, iyaye da yawa sun ƙara sakin jiki da makarantun da mata ke koyar da 'ya'yansu mata, sai ƙarancin malaman lissafi mata ya fito fili. Aka riƙa tura Malama Hanatu tana horar da ƙananan malamai a lokutan hutu. Akwai waɗanda suka yi ƙorafi a kan mace ta tsaya gaban maza baligai tana koyarwa. Yayanta Malam Hambali, wanda ya gaji zauren mahaifinsu, ya yi musu bayani da hujjoji daga tarihin mata malamai a Musulunci, sannan ya zo da kansa ya zauna a sahun gaba ya ɗauki darasin, maganar ta mutu daga nan. A wannan zamani ne kuma ta buɗe ajin matan aure a wata Islamiyya a Gwarzo, tana koya musu lissafin zakka da na gado, domin kowace ta san haƙƙinta da kanta.

A shekarar 2005 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam Jibirin, ya daina hawa babur, a daidai lokacin da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata. Ta yi wata da watanni tana tsayuwa a bakin titi tana jiran motar Kano, sau da yawa ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, har babban ɗansu Muzammil ya dawo gida ya karɓi aikin kai ta. A shekarar 2006 aka yi mata tayin muƙamin mai duba makarantu a Kano, wanda da ta karɓa da albashinta da fanshonta sun ɗaga ƙwarai. Ta ƙi, ta ce ba za ta iya barin mai jinya ba. Ita take ba shi abinci a baki, ta yi masa alwala, da yamma a fito da shi tsakar gida ta zauna gefensa tana duba aikin ɗalibai, tana karanta masa amsoshin da suka fi ban dariya. Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2008.

Ritaya da Ƙarshen Rayuwa

Ta yi ritaya a shekarar 2016 bayan ta cika shekara sittin, aka yi mata lissafin fansho a kan shekara ashirin da biyar kacal. Tsofaffin ɗalibanta, ƙarƙashin jagorancin Malama Asta, sun yi ta kai da komo domin a haɗa mata shekarunta na farko, amma abin bai yiwu ba. Sai suka haɗa kuɗi a tsakaninsu suka biya mata kujerar Makka, ta sauke farali a shekarar 2017. Bayan dawowarta ta ci gaba da karɓar 'yan matan unguwa a tsakar gidanta tana yi musu bita, duk da ciwon hawan jini da raunin gani da suka matsa mata.

Rasuwa

Malama Hanatu ta rasu a gidanta da ke Gwarzo da hantsin ranar wata Talata a watan Afrilu na 2018, bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara sittin da biyu. An yi mata salla bayan azahar a ƙofar gida, Malam Hambali ne ya ja sallar, aka binne ta a maƙabartar garin kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. A ranar akwai 'yan mata huɗu daga Lakwaya da ta yi wa alkawarin darasi da la'asar. Ba su ji labari ba sai da suka iso ƙofar gida da littattafansu a hannu, suka shiga suka zauna cikin masu karɓar gaisuwa har magariba.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyar: Muzammil, ɗan kasuwa a Gwarzo, Fatimatuz Zahra, ma'aikaciyar jinya a Kano, Ummu Hani, wadda ke aure a Kabo, Ahnaf, malamin gona, da autarsu Badi'a. Ta kuma bar jikoki goma sha bakwai. Allah ya jiƙanta, ya yalwata makwancinta, ya haɗa ta da iyayenta da mijinta a gidan Aljanna, amin.