Farin Yadin da Baba Ya Sayo

Ranar wata Juma'a ce cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu a firamare, kuma ranar Lahadin da ke biye zan karɓi Tarayya Mai Tsarki karo na farko. Ban je makaranta ba, domin jikin mahaifiyata ya matsa. Hantsi ya dubi ludayi, na gama shara, na wanke kwanuka, na ba awaki dusa, ina zaune bakin ƙofar ɗaki ina yi mata firfita da faifai, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa daga zaure. Matan unguwa ne suka shigo a jere, kowace ta ja mayafi har goshi. Gwaggo Hure, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, ita ce a gaba, idanunta sun yi ja. Ta kama kaina ta haɗa da ƙirjinta tana cewa in yi haƙuri. Daga waje kuma na ji maza suna kakkaɓe tabarmi suna shimfiɗawa gindin bedi. Ban gane komai ba, faifan ma bai bar hannuna ba.

Amma bari in bi zancen daki-daki, don ba na son labari ya fara ta wutsiya. A Magama muke zaune, dab da bakin iyaka. Mahaifina faci yake yi gefen titi, inda manyan motocin Maraɗi ke jeruwa suna jiran kwastan namu da duwan, wato kwastan na can, su sallame su. Mahaifiyata kuwa tuwo take sayar wa direbobi. Mu kaɗai ne Kirista a layinmu. Cocinmu ɗaki ne dogo mai rufin kwano a bayan gari, jama'arta kuma tarin tsintsiya ce: Hausawa irinmu da suka zo daga kudancin Katsina, 'yan kasuwa masu sayar da kayan gyaran mota, iyalan ma'aikatan iyaka, da wasu 'yan gidaje da ke tsallakowa daga Nijar. Ba mu da Fada, wato limamin coci, namu na zaune. Daga Katsina yake zuwa jefi-jefi, karɓar Tarayya ta farko ga yara kuwa sau ɗaya ake yin ta a shekara. Wanda ya kuskure, sai baɗi.

Malam Yakubu katikis, mai koyar da addini a cocinmu, shi ya shirya mu. Dattijo ne mai tsari, kuma a wurinsa na ɗauki halin da 'ya'yana ke kuka da shi yau. Da farko addu'o'i, sannan dokoki goma, sannan tambaya da amsa, daga ƙarshe yadda ake tafiya zuwa bagade: hannuwa a haɗe, ido a ƙasa, babu waige. Yakan ce, "Wanda bai iya tsayuwa a layi ba, bai iya durƙuso ba." Ni kuwa ko'ina hardata nake. Ina yi a hanyar rijiya da tulu a ka, ina yi bakin turmi taɓarya na ba ni kiɗa, ina yi a gona lokacin da muke sassabe da tara karan bara. A makaranta idan malamin addini ya shigo, mu 'yan tsiraru mukan koma gindin bishiya, sauran su yi carafke, ni in ci gaba da maimaici. Da yamma Gwaggo Hure na jin muryata ta kan katanga, 'ya'yanta na karatun allo ta can, ina nawa ta nan, har takan ce gidajen biyu sun hana kaji barcin rana.

Akwai wata al'ada a cocinmu wadda ban san wanda ya kafa ta ba. Farar rigar da yaro zai sa ranar karɓa, uwarsa ce ke ɗinka ta da hannunta, ba a kai wa tela. Mahaifiyata ta daɗe tana zancen tawa rigar, ta ce za ta yi mata tattara a ƙugu da hannu mai kumbura. Sai ciwo ya kwantar da ita tun kafin Ista. Kullum takan ce, "Bari in ji sauƙi, Rifkatu, yini guda ya ishe ni." Sauƙin bai zo ba. Sauran yara suna ta gwada nasu, ni ko yadi ba a saya ba. Na taɓa jin ta tana gaya wa Baba cewa ba ta roƙon Allah tsawon rai, abin da take roƙo ta gan ni cikin farar riga gaban bagade. Ko da nake yarinya, na gane cewa baɗi ta yi mata nisa.

To, a safiyar wannan Juma'a Baba ya ga babu sauran jira. Mutum ne marar yawan magana, bai kuma taɓa sayen yadi ba a rayuwarsa. Ya tafi rumfar Malam Idi mai yadi da ido jajur saboda jinya, ya ce a yanko masa fari sol, marar zane marar ado, wanda zai ishi mace ɗaya, kuma yau ake bukata. Malam Idi ya san matar mai faci na kwance. A garinmu kuwa idan namiji ya zo da sassafe yana neman farin yadi haka, kowa ya san na mene ne. Ya yanko alawayyo irin na likkafani, ya naɗe, ya miƙa da hannu biyu yana yi masa addu'ar haƙuri. Baba ya ɗauka jajen ciwo ne, ya amsa da amin, ya wuce cikin Jibiya neman magani. Kafin ya dawo labari ya gama unguwa.

Haka aka yi matan nan suka cika mana tsakar gida. Gwaggo Hure ta sake ni ta ɗaga labule don ta rufe fuskar ƙawarta, sai mahaifiyata ta buɗe ido ta ce da 'yar muryarta, "Hure, lafiya kuka yo gayya haka?" Gwaggo ta ja da baya har ta yi karo da randa. Ana cikin haka Baba ya shigo da ƙunshi a hammata, fuskarsa cike da mamakin mazan da suka tare shi a waje suna yi masa ta'aziyya. Da aka warware zancen, mahaifiyata ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba, tana yi tana riƙe haƙarƙari. Gwaggo Hure kuwa kunya ta koma mata faɗa. Ta ce Malam Idi baki gare shi kamar na mai shela, ta ce Baba shi ma da laifinsa, wa ya taɓa ganin an je sayen kayan farin ciki da fuskar makoki? Sannan ta zauna ta tambayi abin da za a yi da yadin. Mahaifiyata ta gaya mata komai, har da roƙonta.

Gwaggo ta juya alawayyon nan ta ce ɗiya mai rai ba za ta sa wannan ba. Ta aika aka mayar, Malam Idi ya aiko da farin yadi mai laushi, da saƙon ban haƙuri. Matan da suka zo makoki suka tuɓe mayafai suka nemi allurai. A nan ne Malam Yakubu ya iso, shi ma labarin rasuwa ya kawo shi. Da ya ga ana shirin yanka, ya yi gyaran murya ya ce al'adar ita ce hannun uwa. Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Malam, dubi nan da kyau. Wace ce ba uwatta ba?" Sai ya ce aƙalla uwar da ta haifa ta fara. Aka tallafo mahaifiyata, aka zura mata zare, ta soka allura ta ja 'yan taku kaɗan a wuyan rigar, a karkace, har hannunta ya gaji. Sauran suka karɓa, wannan hannu, waccan tattara. Washegari na je na yi ikirarin zunubaina wurin Fada, na dawo na tarar an goge rigar da dutsen guga na gawayi.

Ranar Lahadi saura yadda za a kai mahaifiyata coci. Malam Idi ne ya turo amalanken shanunsa, aka shimfiɗa katifa, Baba ya riƙe mata laima yana tafiya a gefe, Gwaggo Hure na zaune ta jingina ta da jikinta. A bakin shingen coci Gwaggo ta sauka ta zauna inuwa, matan zumuntar coci suka karɓi mahaifiyata suka kwantar da ita kan tabarma daga ciki kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa. Aka fara Misa, ana kaɗa tulu da kacau-kacau. Da lokaci ya yi muka jeru, hannuwa a haɗe, ido a ƙasa. Zuciyata duk tana baya, ina tsoron ko ta gaji ta rufe ido, amma ban waiga ba, don an ce babu waige. Fada ya ce, "Jikin Kristi," na ce amin. Sai da na juyo, a inda doka ta yarda a juyo, na ɗaga ido. Tana zaune, ba mai riƙe da ita, ta dafa ƙasa da hannu biyu, tana kallona. Fada ya bi tsakiyar jama'a har inda take ya ba ta nata. Ta rayu har aka yanke gero, ta sha kunun sabon hatsi, sannan ta tafi.

Yanzu ni ke shirya yaran cocinmu, kuma tsarin Malam Yakubu nake bi ban rage komai ba. Rigunan dai na kanti ne, daga Katsina ake sayo su cikin leda, sun fi tawa kyau nesa ba kusa ba. Jama'a ta ragu, wasu tsoron hanya ya mayar da su garuruwansu, na tsallake ma ba kullum suke samun zuwa ba. Gidaje sun yi ƙofofin ƙarfe, maƙwabci kan kwanta ciwo ya tashi ba ka ji ba. Idan yara suka jeru, nakan koma baya kusa da ƙofa in dubi fuskokin iyayensu, in ga wasu na kallo ta cikin waya. Tawa uwar da idonta ta gani, kuma wannan ya ishe ni.